Abokaina na son mu raba manhajata gida uku: in yarda ko in ƙi?

Wani matashi daga Bukoki, nan Yamai, ya aiko da wannan tambaya: "Na fi shekara ina rubuta wata manhajar waya ni kaɗai. Tana taimaka wa masu shago da teloli da ƙananan ƙungiyoyi su tsara aikinsu: abin da za a yi yau, wanda ake bi bashi, ranar da aka yi alkawarin ba da kaya. Akwai ƴan shaguna a Babbar Kasuwa da Wadata da ke aiki da ita, wasu ma sun fara biya. Abokaina biyu da muka yi jami'a tare sun ce in bari su shigo, ɗaya ya riƙe tsarin fuskar manhajar, ɗaya ya riƙe uwar garke (kwamfutar da ke ajiye bayanan manhajar a intanet), mu raba komai daidai gida uku, takardu kuma sai abu ya kankama. Na gaji da aiki ni kaɗai, amma hankalina bai kwanta ba. Mene ne haɗarin, kuma akwai wata hanya?"

Ƙanena, kada ka karɓi tsarin da suka kawo maka, kuma kada ka kore su. Abu biyu suka dunƙule maka wuri guda, yin aiki tare da mallaka tare. Aiki tare kana iya gwada shi wata ɗaya, in bai yi ba kowa ya kama gabansa, a ci gaba da gaisawa. Mallaka tare kuwa in ka shiga, fitarta sai da lauya ko da ɓacin zumunci, sau da yawa ma da duka biyun.

Mu fara da rabon kansa. Kai ka zo da aikin fiye da shekara, da masu shagunan da suka riga suka yarda da kai har suna sa hannu a aljihu. Su sun zo da niyya. Niyyar kirki ce, ban musa ba, amma ranar da kuka ce gida uku, ka ba da kashi biyu na abin da ke hannu domin aikin da ba a yi ba tukuna. Ka kuma san yadda rayuwar mai ilimin kwamfuta take a garin nan. Wanda ya iya aiki ba ya daɗewa a zaune. Ko wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi da albashin da manhajarku ba za ta iya biya ba nan kusa, ko ya sami gurbin karatu a Maroko ko Turkiyya, ko wani kamfani a Dakar ko Abijan ya kira shi, ko ya yi aure cefane ya hau kansa. Babu mugun hali a cikin ko ɗaya. Amma in ya tafi bayan wata biyar, kasonsa yana nan daram. Kai ne mai amsa kiran mai shago da ƙarfe goma na dare saboda lissafinsa ya ɓace, shi kuma yana da sulusin duk abin da ka samu, bana da baɗi da gaba.

Saboda irin haka ne sababbin kamfanonin fasaha a Amurka suka ginu a kan wata al'ada: kason mutum ba ya zama nasa a rana guda, yana nuna ne sannu a hankali cikin shekara 4. Wanda ya tafi kafin ya cika shekara ba ya tafiya da komai, wanda ya cika ta ya mallaki rubu'in kasonsa, sauran kuma ya riƙa shigowa wata-wata. Tushen wannan ba baƙo ba ne a wajenmu. Malaman fiƙihun Malikiyya sun halatta mutum biyu su haɗa ƙarfinsu a sana'a ba tare da jari ba, kamar teloli biyu a shago ɗaya, amma da sharaɗin ribar kowa ta bi gwargwadon aikinsa.

Maganar "takardu sai daga baya" ita ta fi damuna a duk wasiƙarka. Matasa da yawa suna zaton in ba a yi rajista ba, babu abin da ya ɗaure kowa. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 masu dokar kasuwanci guda, kuma a wannan doka in mutane suna tafiyar da harka kamar abokan tarayya alhali ba su kafa kamfani ba, alƙali na iya yanke hukuncin cewa kamfani ne a aikace. In ya yanke haka, ƙa'idar da za ta hau kanku ita ce ta kamfanin da kowane abokin tarayya ke ɗauke da dukan bashin, har cikin dukiyarsa ta ƙashin kansa. A ce abokinka ya je wata makarantar kuɗi da sunan "mu", ya karɓi kafin alƙalami miliyan biyu, aikin ya gagara. Makarantar na iya binka kai ɗaya kuɗin duka, ko da ba ka ga dala ba. Wannan tsoron ne ya fitar da Ronald Wayne daga Apple a 1976. Shi ne na uku bayan Steve Jobs da Steve Wozniak, yana da kashi 10 cikin 100, amma a lokacin tarayya ce kawai, ba kamfani ba, kuma shi kaɗai ke da abin da masu bin bashi za su iya kamawa. Bai daɗe ba ya mayar da kasonsa ya karɓi dalar Amurka 800. Ana yawan ba da labarinsa don a nuna asarar da ya yi, ana mantawa da cewa abin da ya guda haɗari ne na gaske.

Sai kod ɗin da za su rubuta, wato rubutattun umarnin da ake gina manhaja da su. A ƙasashen OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha da ke Yawunde wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, ana ɗaukar manhaja a matsayin rubutaccen aiki, mai haƙƙinta na farko shi ne wanda ya rubuta ta. Abokinka ba ma'aikacinka ba ne, babu takardar da ta ce ya miƙa maka haƙƙinsa, saboda haka abin da ya rubuta nasa ne, kuma Git, manhajar da ke adana sauye-sauyen kod, yana riƙe da tarihin kowane layi da sunan mai shi. Ranar da rai ya ɓaci ya ce "cire nawa", za ka tarar bayan wata shida kod ɗinku ya cuɗe, ba a zare nasa sai an kwance rabin manhajar. Akwai kuma abin da yake iya shigowa da shi ba da gangan ba. In ya kwaso wani yanki daga intanet mai lasisin GPL, ɗaya daga lasisin da ake sakin kod na kyauta da su, ya dasa a manhajarka, kai kuma ka rarraba ta, lasisin na buƙatar ka buɗe wa masu karɓa kod ɗin manhajar. AGPL ta fi haka tsanani, domin tana binka ko da a uwar garke kawai kake gudanar da shi. Lasisin MIT ko BSD ba su da wannan sharaɗi. Mutum ɗaya yana iya tuna abin da ya ɗauko da inda ya ɗauko shi. Mutum uku, sai an rubuta.

Mabuɗai kuwa, tun yau ka lissafa su, ko da ba za ka haɗu da kowa ba. Asusun Google Play, wanda ake buɗewa da dalar Amurka 25 sau ɗaya, da imel ɗin wa aka buɗe shi? Mabuɗin sa hannu na manhajar Android yana ina? Adireshin shafin da sunan wa aka saye shi? Layin Airtel Money ko Moov Money da masu shago ke turo kuɗi, da katin shaidar wa aka yi masa rajista? Na ga harkar da ta mutu a garin nan kod ɗinta lafiya lau, don kawai layin karɓar kuɗi da uwar garke suna hannun wanda ya daina ɗaga waya. Kuma ka tuna abin da ke cikin uwar garken nan: sunayen mutane, lambobin wayarsu, da wa ake bi nawa. Littafin bashin ɗan kasuwa sirrinsa ne. Duk wanda ka ba wa cikakken izini yana iya karanta shi, in kuma ya fita waje kai masu shagon suka sani, kai kuma hukumar kare bayanan jama'a ta HAPDP za ta tambaya. Labari ɗaya irin wannan ya zagaya Wadata, babu sabon salo da zai dawo maka da su.

Abokanka ka san su, ka san gidajensu. Amma da zarar manhajar ta fara suna za ka sami masu tayin taimako daga intanet, kuma gajiyar da ka ambata ita ce ƙofar da ake bi. A watan Maris na 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfuta ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da tsarin Linux. Mai kula da ita mutum ɗaya ne, aiki ya yi masa yawa, wani mai kiran kansa Jia Tan ya yi kusan shekara biyu yana kawo gyare-gyare masu kyau har aka ba shi izinin fitar da sabon zubi da kansa. Ƙa'idar da ta dace da kowa, aboki ko baƙo, ita ce kada layi ɗaya ya shiga manhajar da jama'a ke amfani da ita sai wani ido na biyu ya karanta shi.

Yanzu ga abin da ya keɓanci irin manhajarka, wanda kuma nake ganin ya fi duk na baya saurin kashe ta. Manhajar tsara aiki kowa yana da ra'ayi a kanta, domin kowa yana da yadda yake tsara yininsa. Ɗaya zai ce a sa kalanda, ɗaya ya ce a sa hira tsakanin ma'aikata, ɗaya ya ce a sa zanen hawa da saukar riba, kuma tunda kasonku ɗaya babu mai ikon cewa a'a, sai a sa duka don a zauna lafiya. Mai shagon da ke biyanka kuwa yana riƙe da ƙaramar Tecno ko itel wadda ta cika da hotuna da saƙonnin murya, yana ƙirga mega, wataƙila ba ya karanta Faransanci, in kuma ya je sayen albasa wajen Galmi rezo na zuwa yana ɗaukewa. Abokan takararka na gaske su ne littafi da biro, da WhatsApp, da Excel ga masu ofis. Ka rinjaye su ne saboda manhajarka ƙarama ce, tana buɗewa da sauri, tana yin abu uku da kyau. Wannan ƙanƙantar ba ta rayuwa sai akwai mutum ɗaya mai ikon hanawa.

Kada kuma ka ɗauka hannu uku zai ninka saurin aiki sau uku. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja mai suna OS/360 a kamfanin IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya makara yana ƙara masa makara ne. Dalilin a fili yake: sabon shiga sai an koya masa, kuma mai koyarwar shi ne mai aikin. Ga kuma yawan hanyoyin magana, mutum biyu hanya ɗaya, mutum uku hanya uku, mutum biyar hanya goma. Watanninka na farko da su za su tafi ne wajen bayyana abin da ke cikin kanka. Akwai kuma wuraren da ba su rabuwa ko an so. Daidaita bayanai tsakanin wayoyi na ciki: mai shago ya rage bashin wani a wayarsa ba rezo, yaronsa ya ƙara a tasa, da yamma duka biyu suka hau intanet, wanne za a ɗauka? Wannan hukunci ya ratsa fuska da uwar garke da ma'ajiyar cikin waya gaba ɗaya. Rabon "kai fuska, kai uwar garke" yana da daɗin faɗa a majalisa, amma a nan yake karyewa.

Ka yi lissafin kuɗin ma. A ce shago ɗari ne ke biyanka jika biyu kowane wata. Jika ɗari biyu ke nan, ka cire kuɗin uwar garke da intanet da man babur. Mutum ɗaya zai iya lallaɓawa da sauran. In aka raba uku babu wanda zai rayu a kai, kowa sai ya nemi wani aikin, manhajar ta koma aikin dare ga mutum uku gajiyayyu. Kasuwar nan ba ta da kitse ko a waje, tunda Google da Microsoft suna ba da irinta kyauta. Wunderlist, manhajar tsara aiki wadda miliyoyin mutane suka so, Microsoft ta saye ta a 2015 ta rufe ta a 2020. Waɗanda suka ɗore da yawa sun fara ne da hannu kaɗan: Todoist mutum ɗaya ya fara ta a 2007, Obsidian mutum biyu a 2020.

To wace hanya? Mafi sauƙi ita ce jinga. Ka ware aiki ɗaya mai iyaka, misali sake zana shafuka biyar na manhajar, ku yi ciniki, ku sa rana, ya sa hannu a takarda mai shafi guda cewa haƙƙin aikin ya dawo gare ka in ka biya. In babu kuɗi a hannu, ka ba shi kaso daga kuɗin shiga na ƙayyadadden lokaci, a ce kashi 15 cikin 100 har shekara ɗaya, ko har ya kai adadin da kuka yanke. Ya ci ladan guminsa, kai kuma manhajarka na hannunka. A cikin jingar nan za ka ga abin da zaman aji bai nuna maka ba: yana cika alkawari? In an gyara masa kod yana fushi? In abu ya lalace ranar Juma'a da rana, yana ɗaga waya?

Wata hanyar ita ce kowa ya riƙe nasa, a haɗu a kan iyaka. Abokinka mai uwar garke yana iya gina nasa aikin, a ce na tura saƙon tunatarwa ga masu bashi, ya zama mallakinsa, manhajarka ta riƙa kiransa tana biya, shi ma ya sayar wa wasu. In kun rabu, ka sauya shi da wani cikin mako guda. Haka nan, kafin ka nemi mutum ya rubuta maka wani sashe, ka duba ko an riga an rubuta. Manhajojin Dolibarr da Odoo suna da lissafin kaya da rasit da bashi, KoboToolbox da ODK sun daɗe suna tattara bayanai a ƙauyukan da ba rezo. In wata ƙungiya ta nemi abin da ya fi ƙarfin manhajarka, ɗora ƙari a kan ɗaya daga cikinsu ya fi ɗauko mutum biyu ku fara daga tushe, muddin ka karanta lasisin.

In abin da kake so idanu ne masu duba maka aiki, kana iya buɗe kod ba tare da ka buɗe ƙofa ba. SQLite, manhajar adana bayanai wadda ke cikin kowace wayar Android da iPhone, kowa na iya karanta kod ɗinta ya yi amfani da shi, amma masu ita, ƴan mutane ƙalilan tare da Richard Hipp da ya fara ta a 2000, ba su karɓar gyara daga duk wanda ya ga dama. Ko kuma ku yi musaya, ka duba nasa ya duba naka, sau ɗaya a mako. Irin wuraren su CIPMEN, cibiyar rainon ƙananan kamfanoni da ke nan Yamai, an yi su ne don a sami wannan.

Akwai tambayar da nake so ka zauna da ita: gajiyar taka, ta rubuta kod ce? Yawancin waɗanda na sani a matsayinka, abin da ke cinye su shi ne yawo rumfa-rumfa, koya wa mai shago da yaronsa, bin kuɗin wata, amsa waya. In haka ne, masu rubuta kod biyu ba za su rage maka komai ba, za ku zama uku a gaban kwamfuta, kasuwa ba kowa. Wanda ya dace da kai shi ne mutumin da ya san ƴan kasuwa, yana jin Hausa da Zabarmanci, ba ya jin kunyar tambayar kuɗi, kuma shi la'ada ake ba shi a kan kowane shagon da ya kawo ya kuma ci gaba da biya.

In bayan jinga biyu ko uku ka ga ɗayansu mutum ne da ba ka son rasawa, to a yi tarayyar, amma a yi ta da rana tsaka. Ku je Maison de l'Entreprise, inda ake rajistar kamfanoni, ku kafa SARL ko SAS, nau'o'in kamfani masu iyakance alhakin masu su, ku sami RCCM da NIF, wato lambar rajistar kasuwanci da lambar haraji, don bashin kamfani ya tsaya a kan kamfani. SAS ta shigo dokar OHADA ne da gyaran 2014, kuma ta fi barin masu ita su tsara dokokinsu yadda suke so. Wannan gyara ya kuma fayyace matsayin wanda ya kawo aikinsa a madadin kuɗi: ana iya ba shi kaso, amma irin wannan kaso ba a sayar da shi, kuma jimillarsa ba ta wuce kashi 25 cikin 100 na ƙuri'a da na riba. Ka ga ita kanta dokar ba ta daidaita alkawarin aiki da abin da aka riga aka ajiye ba. Kada arhar GIE, ƙungiyar haɗin gwiwar masu sana'a, ta ja ka, domin a can ma kowa na ɗauke da bashin ƙungiya da dukiyarsa. A rubuta cewa kod, tsoho da sabo, na kamfani ne, a kimanta aikinka na baya a matsayin abin da ka kawo, a rubuta yadda kaso ke nuna, wa ke da maganar ƙarshe a kan abin da zai shiga manhaja, da farashin da za a sayi kason mai tafiya. Sunan manhajar kuma a yi masa rajista a OAPI da sunan kamfani. Lokacin da Frank Karlitschek ya bar ownCloud, manhajar ajiye fayil a intanet da ya kafa, a 2016, ya iya ɗaukar kod ɗin saboda lasisinsa a buɗe yake, amma sunan da shi ya ƙirƙira ya zauna wurin kamfani, sai da ya sake sabon suna, Nextcloud. Kuɗin lauyan da ya san dokar kasuwanci na zama ɗaya bai kai kuɗin zuwa kotun kasuwanci sau ɗaya ba.

Faɗa musu kuwa, kada ka yi ta saƙo. Ku zauna ku uku, ka buɗe musu littafin kuɗin shiga su ga gaskiyar adadin, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ce kana son aiki da su, ga aiki na farko, ga ladansa, ga ranar gamawa, maganar kaso kuma za ku dawo kanta bayan wata uku da takarda a gaba. Kafin zaman nan, ka mayar da kod ɗin cikin asusun ƙungiya wanda kai ne mai shi a GitHub, shafin da ake ajiye kod, ka ba su izinin kawo gyara ba na haɗa shi ba, ka kuma shirya musu uwar garken gwaji mai sunaye da basussukan ƙirƙira, don su yi aikinsu ba tare da sun taɓa bayanan masu shagon ba.